Sifilin da Ya Faɗi Tsakanina da Yayana

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Yau kwana huɗu ke nan ko abinci ba ya yi mini daɗi a baki. Ranar Litinin mai zuwa za a sallami mutumin da bai yi laifin komai ba, ni kuma da na yi laifin ina zaune a teburin da ke kusa da nasa ina danne-danne kamar mutuniyar kirki. Ke na zaɓa in rubuto wa saboda kin taɓa faɗa a wannan fili cewa kin daɗe kina rubuta manhaja kafin ki koma sauraron matsalolin mutane. To ga matsala ta zo miki da kai biyu, ɗaya na kwamfuta, ɗaya na gida. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, ba ni da wanda zan amayar wa abin da ke cikina.

Ni da yayana muna aiki a wani ƙaramin asibitin ido. Likita ɗaya ne, shi ne kuma mai wurin, sai ɗakin gwaji biyu da benci uku na masu jira. Asibitin ya haura shekara talatin, kuma duk wanda aka taɓa auna wa ido yana da kati mai ɗauke da sunansa, lambarsa, da ma'aunin gilashin da ya dace da shi. Katunan sun cika durowoyin ƙarfe goma sha ɗaya a wani ɗaki mai warin tsohuwar takarda, kuma wata dattijuwa ce ke kula da su tun kafin a haife ni. Inna Mai Kati muke ce mata. Shekara uku da suka wuce Likita ya ɗauko Yaya ya zuba katunan a kwamfuta, ya haɗa musu abin bincike. Bai ƙirƙiro binciken daga tushe ba, ya ɗora shi ne a kan wani laburaren bincike, wato tarin umarni da wasu suka riga suka rubuta suka bar wa kowa, kuma da harshen kwamfuta da ake kira Java aka rubuta shi. Shi ma Yaya mutumin Java ne, har nakan ce da Java yake yi wa matarsa magana.

Ni kuwa wani harshen daban na iya, Python, kuma ba a jami'a na koya ba. A teburin cin abincinmu na koya, da tsohuwar kwamfutar da Yaya ya yar wadda maɓallanta biyu suka fita. Da aka buƙaci ƙarin hannu, shi ne ya je ya ce wa Likita a ɗauke ni. Likita ya tambayi takarduna, Yaya ya ce shi ne takardata. Ki riƙe wannan magana, Gwaggo, domin ita ce take hana ni sukuni yanzu.

Aikin da aka ba ni ba shi da wani tsawo. Akwai mutanen da tabaraunsu kan karye ko ya ɓace, ba sa buƙatar sabon gwaji, sai dai su bugo waya su faɗi lambar katinsu a sake yanka musu irinsa. Mai karɓar baƙi tana rubuta lambobin a wani jadawali a kwamfutarta. Tawa manhajar ita ce za ta karanta jadawalin da yamma kafin a tashi, ta miƙa wa binciken Yaya kowace lamba, ta karɓo ma'auni, ta buga 'yar takarda da za a kai wa mai yankan gilashi a shagonsa da ke tsallaken titi. Takardar ba ta ɗauke da suna, lamba ce kawai da ma'auni, saboda Likita ba ya son sunayen majinyatansa su riƙa yawo a waje.

Da yake harsunan biyu ba sa jin juna, akwai wata 'yar gada a tsakani da ke ɗaukar abin da na miƙa da Python ta tsallakar da shi wurin Java. Gwaggo, gadar nan ta fi maigadin banki tsanani. Duk abin da na miƙa sai ta jujjuya shi ta wurgo mini. Saƙon kuskuren kullum iri ɗaya ne, jan rubutu layi ashirin da 'yan kai, ma'anarsa dai abin da kika miƙo ba irin wanda ake jira ba ne. Na farko, na ba ta adireshin inda katunan suke a matsayin rubutu zalla, ta ce sai an naɗe shi a irin mazubin da Java ya tanada don adireshi. Kwana biyu na yi a kan wannan. Na biyu, na miƙa jerin kalmomi irin na Python, ta ce ita jeri irin na Java ta sani. Na uku shi ne ya kusa sa ni jifa da kwamfutar. Na raba goma gida biyu don in faɗa mata yawan sakamakon da nake so, sai Python ya ba da biyar da ɗigo da sifili, ita kuma ta kafe cewa cikakkiyar lamba take jira. Biyar fa, Gwaggo! Biyar ai biyar ce ko a wace ƙasa. Ranar har sai da mai karɓar baƙi ta leƙo ta tambaya da wa nake faɗa.

Duk lokacin da na je wurin Yaya, amsarsa ɗaya ce, ko kansa ba ya ɗagowa, sai ya ce in karanta saƙon. Na karanta! Na karanta har na haddace shi! Abin da ya fi ci mini rai, mutumin nan ko shafi ɗaya bai rubuta ba na bayanin me ɓangarensa yake karɓa da me ba ya karɓa. Komai yana cikin kansa, kuma kan nasa a rufe yake da kwaɗo. Sannan ya laƙaba mini suna Malama Kwafi, wai komai daga intanet nake kwasowa. A gida ban damu ba, tun ina rarrafe yake tsokanata. Amma a gaban mai karɓar baƙi yake faɗa, har ita ma ta fara kirana da shi tana dariya. Na cika na batse, na sha alwashin ko zan mutu a kan kujerar nan ba zan sake tambayarsa komai ba.

Sai ga kuskure na huɗu, a kan lambar kati. Saƙon ya ce rubutu ake jira, ni kuma lamba na miƙo. Na yi tsaki, na ce wannan wace irin shirme ce, lambar kati kuma a ce rubutu ce? A raina na ɗauka wani son burgewa ne irin na Yaya. Na shiga dandalin masu rubuta manhaja, na tarar da wani ya yi tambaya kusan irin tawa, an ba shi amsa mai layi ɗaya, ɗaruruwan mutane sun yaba mata: kafin ka miƙa lambar, ka juya ta ta koma rubutu. Na kwafa na manna. Jan rubutun ya ɓace ɓat. Na jawo kati biyar daga durowar sama na gwada, duka suka fito daidai. Na wuce ta gaban teburin Yaya ina ɗaga kafaɗa. Ya tambaye ni yadda na yi, na ce masa sirrin sana'a ne.

Mako uku komai yana tafiya lafiya lau, har na fara hura hanci. Sai ranar Talatar da ta wuce wani direba ya shigo, matarsa na gaba yana biye. Shi ne ke tuƙa bas ɗin ma'aikatan wata masana'anta. Tabaraunsa ya karye, ya bugo waya ya faɗi lambarsa, 0417, aka yanka masa sabo. Da ya saka ya ce yana ganin ƙasa ta karkace, mai karɓar baƙi ta ce masa haka sabon gilashi yake yi, zai saba. A rana ta biyu ya goga gefen bas ɗin a jikin ginshiƙin ƙofar masana'antar, mutum ashirin da wani abu a ciki. Allah ya kiyaye babu wanda ya ji ciwo, amma an dakatar da shi daga aiki, ana cewa tsufa ne ya cinye masa ido. Matarsa ta wanke mu tas a gaban masu jira, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba, kuma ban ga laifinta ba. Likita ya auna gilashin da kansa, ya ga ma'aunin ba na direban ba ne. Na wata tsohuwar malamar makaranta ne mai kati 417.

Bayan sun tafi Likita ya tara mu a ɗakin gwaji. Ya ce an nemi kati ɗaya, bincike ya kawo wani, to bincike aikin wa ne? Kowa ya juya ya kalli Yaya, har da ni, Allah ya yafe mini, domin a lokacin ni ma na ɗauka daga wurinsa ne. Yaya bai kare kansa ba. Ya ce shi ya kawo aikin, shi zai amsa. Likita ya ba shi zuwa Litinin ya kawo dalili, in ba haka ba ya tattara kayansa, shi kuma Likita zai buga wa wasu asibitoci biyu da ya yi wa Yaya hanya a cikinsu ya janye maganarsa. A wannan sana'a kin san suna ne kawai jarin mutum. Aka dakatar da manhajata, aka koma Inna tana zaro kati da hannu, ita kuwa sai murmushi take yi.

Washegari na shiga ɗakin katuna don in ga katunan biyu da idona. Na 417 yana durowar sama. Na 0417 kuwa sai da Inna ta sa ni na durƙusa har ƙasa, a durowa ta biyun ƙarshe, kuma sifilin da jan biro aka rubuta shi. Na tambaye ta dalili, ta kalle ni kamar na tambaye ta sunan mahaifina. Ta ce shekara ashirin da wani abu da suka wuce wani likitan ido a layin baya ya rasu, majinyatansa suka dawo wurinmu da katunansu kusan dubu biyu, lambobinsu suka yi karo da namu. Sai ta ɗauki jan biro ta yi wa kowane katinsa sifili a gaba, shi ke nan rigima ta mutu. Ta ce ai kowa ya sani, shi ma Yaya ya sani, wata huɗu ya yi a ɗakin yana shaƙar ƙura tare da ita. Na koma teburina na sa manhajar ta nuna mini abin da take karantowa daga jadawali. Mai karɓar baƙi ta rubuta 0417 daidai, babu kuskure. Abin karanta jadawalin da nake amfani da shi ne yake ganin alƙaluma zalla sai ya ɗauka lamba ce ta lissafi, ya zubar da sifilin tun a bakin ƙofa. Ni kuma na zo na ɗauki 417 na juya ta rubutu, na miƙa wa Yaya, shi ko ya kawo mini abin da na tambaya tsaf.

Ba zan ɓoye miki ba, abin da na fara yi shi ne ƙoƙarin gyarawa a ɓoye. Na ce wa abin karanta jadawalin ya ɗauki lambar kati a matsayin rubutu tun daga farko. Sifili ya dawo, har na fara sauke numfashi, sai ga jan rubutun nan ya sake fitowa, wai na miƙo lamba mai ɗigo a inda ake jiran rubutu. Daga ina kuma? Na duba jadawalin sama da ƙasa, babu ɗigo ko ɗaya, in ban da wasu layuka da mai karɓar baƙi takan bari babu komai don ta raba na safe da na rana. Kin gani ko, Gwaggo? Ko rufa wa kaina asiri gadar nan ta hana ni. Wasu katuna masu sifili da suka bi ta hannuna a makonnin nan uku kuwa, ban ma yi ƙarfin halin dubawa ba.

Yaya yana nan kullum a teburinsa, ya buɗe rajistar da ke rubuta duk abin da aka tambayi binciken da abin da ya amsa, yana ta kallonta. Tun ranar taron bai sake kirana Malama Kwafi ba. Sunan da Mama ke kirana da shi a gida yake kirana. Shekaranjiya ya ajiye mini kofin shayi ya wuce. Jiya kuma na ji shi ta ƙofa yana ce wa Likita idan mutum ɗaya zai tafi to shi ne, a bar yarinyar nan ta ci gaba da aikinta. Bawan Allah yana can yana neman laifi a inda babu, yana tausayina a kan abin da ni na jawo masa. Amma wallahi wani lokacin haushinsa nake ji har in rasa inda zan sa kaina. Da ya rubuta shafi ɗaya tak ya ce lambar kati rubutu ce saboda kaza, da bai mayar da ni abin dariya a gaban mutane ba, da duk wannan bai faru ba.

Idan na faɗi gaskiya, Likita zai ce ga abin da rashin takarda ke jawowa, ya kore ni, wataƙila ya haɗa da wanda ya tsaya mini. Mama za ta ji, kuma ba zan sake iya ɗaga ido a gaban Yaya ba. Idan na yi shiru na samu na gyara abin a ɓoye, wataƙila a ce wata tangarɗa ce ta na'ura ta zo ta wuce. Gwaggo, ki faɗa mini yadda zan kashe wannan jan rubutu, ki kuma faɗa mini yadda zan yi da bakina.

Taki,
Ƙanwar da ba ta durƙusa da wuri ba

Amsar Gwaggo

'Yata, na aiko miki da wannan amsa tun ranar da wasiƙarki ta iso, domin ba ta jiran ranar bugawa. Ga ta nan kuma na fitar da yardarki, ko wani zai amfana.

Kafin ke, kafin yayanki, akwai mutanen da kika ambata a layi ɗaya kika wuce da sauri. Katuna kusan dubu biyu masu sifili, mako uku ana yanka gilashi. A yau ɗin nan wataƙila akwai wani da ke saukowa daga bene, ko wata da ke ɗiga wa jaririnta magani, sanye da ma'aunin idon wani. Wannan shi ya rufe ƙofar gyara a ɓoye, ba wai don ina son in ga kin ji kunya ba. Gyaran ɓoye yana kare na gobe ne kawai, ba ya ciro tabarau daga fuskar wanda ya riga ya karɓa. Ki buɗe jadawalin makonnin nan uku, ki fitar da duk lambar da ta fara da sifili, ki kai wa Inna ta zaro katunan, a buga wa masu su waya. Aikin minti talatin ne. Direban nan kuma yana buƙatar takarda daga hannun Likita da za ta shaida wa masana'antarsu cewa idonsa lafiya lau, gilashi ne aka ba shi ba nasa ba. Likita ba zai iya rubuta dalili ba sai ya san dalilin, kuma a hannunki yake.

Sai batun jan rubutu, wanda kike kira maƙiyinki. A duk asibitin nan shi kaɗai ya faɗa miki gaskiya a kan lokaci. Ya ce rubutu ake jira kin miƙo lamba, kuma tambayar da ya kamata ki yi ita ce, a ina rubutun ya rikiɗe ya zama lamba? Ke kuma kika tambayi yadda za a rufe masa baki. Amsar da kika kwafo ba ƙarya ba ce, amma an ba da ita ne ga wanda ba shi da Inna da jan bironta. Ki riƙe wannan har ki tsufa: duk abin da ba a tara shi da wani ko a raba shi gida biyu, suna ne ko da alƙaluma aka rubuta shi. Lambar kati, lambar waya, lambar mota, duka a riƙe su a matsayin rubutu tun daga inda suka shigo.

Sabon kuskuren kuwa kin riga kin gano shi da idonki, ba ki dai lura ba. Layukan nan da mai karɓar baƙi ke bari babu komai, abin karanta jadawalinki yana cike gurbinsu da wata alama mai nufin babu komai a nan, kuma a wurinsa alamar daga dangin lambobi masu ɗigo take. Ita ce gadar take wurgo miki. Kada ki juya ta rubutu, za ki aika bincike neman katin da ba a taɓa yi ba. Ki tsallake layukan tun wurin karantawa. Daga yau kuma, duk lokacin da gadar ta ƙi karɓar abu, kada ki taɓa komai sai kin sa manhajar ta nuna miki kowane abin da kike miƙawa da irinsa, ɗaya bayan ɗaya, ki jera su kusa da abin da ɓangaren Java ya ce yana jira. Ki gwada da kati ɗaya tak, ba da jadawali duka ba. Ki tara duk juye-juyen nan a wuri guda a bakin gadar, kada su warwatsu. Ki sa 417 da 0417 su zama gwajinki na dindindin, kuma ki sa manhajar ta nuna wa mai karɓar baƙi suna ta tabbatar kafin a buga takardar da ba ta da suna.

Yayanki yana da nasa kason, ban wanke shi ba. Wanda ya gina abu shekara uku bai rubuta shafi ɗaya ba ya haƙa rami ne ya rufe da tabarma, kuma wanda ya mayar da tambaya abin kunya a wurin aiki kada ya yi mamaki idan an daina tambayarsa. Tsokanar gida a gida take tsayawa. Ki faɗa masa haka, kina da haƙƙi, amma ba a zama ɗaya da neman gafara ba, don kada gafarar ta koma ƙara. Naki kason kuma ki ɗauke shi duka. Kuskuren sifili kowa na iya yinsa, na ga masu digiri biyu sun yi wanda ya fi shi muni, saboda haka ki daina ɗora wa rashin takarda. Inda kika yi laifi shi ne ranar da ya tambaye ki yadda kika yi kika ce sirri ne, da kuma kwanakin nan da kika sani kika yi shiru. Ba zan yi miki alƙawarin Likita ba zai sallame ki ba. Amma na san masu wurin aiki, sun fi riƙe wanda ya shigo da laifinsa a hannu ɗaya da jerin mutanen da za a kira a ɗaya hannun.

Yanzu ki sake karanta wasiƙarki, domin ke ma ba kya karanta saƙo har ƙarshe. Kin ce yayanki yana zaune a gaban rajistar da ke nuna duk abin da aka tambayi binciken. 'Yata, na yi wannan aiki shekara goma sha tara. Abu na farko da mai bincike ke dubawa idan an ce ya kawo amsa ba daidai ba shi ne me aka tambaye shi. Wannan ba aikin kwana huɗu ba ne, aikin minti biyu ne. Mutumin da ya yi wata huɗu a ɗakin Inna ya ga 417 a inda ya kamata a ga 0417 tun ranar Talata, kuma ya san hannun da ya miƙo ta. Shi ya sa ya daina tsokanarki, shi ya sa ya kawo shayi, shi ya sa ya ce wa Likita a bar ki. Ya ce shi ne takardarki, kuma ga shi yana shirin biyan maganarsa da sunansa. Shirun nasa ma kuskure ne, domin ya bar majinyata cikin haɗari don ya rufa miki asiri, kuma ke kaɗai za ki iya fitar da shi daga ciki.

Ki tashi ki same shi tun kafin Litinin, da jerin lambobin a hannunki, daga nan ku shiga wurin Likita tare, ke ce a gaba. Ba labari za ki kai masa ba, ya riga ya san abin da kika yi. Abin da bai sani ba har yanzu shi ne ko ƙanwar da ya tsaya wa za ta bari a kore shi tana kallo. Taku uku ne daga teburinki zuwa nasa.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya mayar da direban nan bakin aikinsa, ya bar ku tare ke da yayanki.

Gwaggo